Manhajar da Masu Kanti Ke Ɗaukar Nauyinta, Daga Sokode Zuwa Dapaong

Mai sayar da fitilar sola a Sokode yana da sauran aiki mai yawa bayan ya miƙa kaya. Galibin masu saye kaɗan-kaɗan suke biya, ta Flooz ko ta T-Money, wadda aka sauya wa suna zuwa Mixx by Yas a ƙarshen 2024. Idan batir ya daina riƙe caji a wata na uku kuma ba wanda ya waiwayi mai fitilar, shiru zai yi ya daina biya, sannan ya ba duk ƙauyensu labari. An yi asarar mutum ɗaya a littafi, an yi asarar goma a baki.

Manyan kamfanoni sun san wannan. Tun da gwamnatin Togo ta ƙaddamar da shirin wutar sola na CIZO a 2017, kamfani irin BBOXX ya shigo da ma'aikatan da ke kiran waya da manhajar da ke nuna wanda ya makara da biya. Ƙaramin ɗan kasuwa kuwa littafin bashi kawai gare shi, sai abin da ya riƙe a ka. A wannan giɓi ɗan yayata ya samu sana'a, kuma na ga yadda ta taso tun daga tushe, don a zaurena na unguwar Didawure ya fara ajiye kwamfutarsa.

Abin da ya haɗa ba shi da ado. Sunan mai saye, ƙauyensu, abin da ya ɗauka, abin da ya rage masa, da ƙorafin da ya taɓa kawowa. Kowace safiya wayar mai kanti za ta nuna masa mutum biyar da ya kamata ya nema a ranar: wannan ya kwana biyu bai biya ba, wancan an gyara masa kaya makon jiya, a tambaye shi ko gyaran ya yi. Da farko saƙon rubutu cikin Faransanci manhajar ke turawa, amsa kuwa sai ɗai-ɗai. Wani Alhaji mai sayar da injin ban ruwa ne ya ce masa, “Yaro, mutanena ba sa karanta wannan. Bari su ji muryata.” Daga nan aka koma saƙon murya ta WhatsApp, da Kotokoli ko da Hausa, mai kantin da kansa yake ɗauka, ya fara da gaisuwa da tambayar iyali kafin a zo maganar kuɗi. Wanda ba shi da babbar waya, kira ake yi.

Ni abin bai zame mini baƙo ba. Kakanninmu fatake da ke bin hanyar goro daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja sun yi zango a Mango da nan yankin Sokode, kuma mai masaukinsu shi ne ke riƙe wa ya ci bashin wa, wa ya cika alkawari, wa ya kamata a lallaɓa. Wannan aikin ne aka zuba a waya.

Maganar jari ita ce ta fi damuna, don a nan nake ganin matasanmu suna ɓata shekaru. Suna jin labarin Gozem, wanda ya fara da babura a Lome a 2018 ya kuma samu kuɗin masu zuba jari na waje, sai kowa ya zauna yana rubuta takardar neman tallafi. Masu irin wannan kuɗi a Legas da Nairobi suke yawo, in sun matsa su leƙa Lome. Da wuya ka ga ɗayansu ya yi tafiyar kilomita fiye da 300 zuwa Sokode don ya duba manhajar masu kanti. Akwai wata hanyar, kuma an bi ta an kai. Kamfanin Zoho na Indiya, wanda Sridhar Vembu da abokansa suka kafa a 1996, da kuɗin masu amfani da kayansa ya girma, kuma manhajarsa ta kula da abokan ciniki, Zoho Desk, a ofishinsa na karkarar Tenkasi aka ƙera ta. Mailchimp ma na Amurka haka ya yi shekara ashirin, har aka saye shi a 2021 kan kusan dala biliyan 12.

Lissafin a nan ƙarami ne, kowa zai iya yinsa. A ce kanti yana biyan jaka biyar a wata. Kanti 40 sun ba da sefa 200,000, alhali mafi ƙarancin albashi a Togo tun 2023 sefa 52,500 ne. A cire kuɗin intanet da na ajiyar bayanai da man babur, mutum biyu za su ci abinci. Kafin ɗan yayata ya kai nan, da rana gyaran waya yake yi, da dare ya zauna kan manhaja, kwamfutar ma da kwasar adashi ya saye ta. Na taɓa ce masa in ba shi wani abu ya bar gyaran waya. Ya ce, “Kawu, bar shi tukuna. Idan mai kanti bai yarda ya ciro jaka biyar daga aljihunsa ba, abin bai yi amfani ba ke nan, kuɗinka kuma zai rufe mini ido.” Na ga gaskiyarsa. Wanda ya biya yana da bakin faɗa, faɗan nan kuma shi ke nuna abin da za a gyara gobe.

Dapaong ta koya masa wani karatun. Hanya ɗaya ce, a bi ta Kara, a wuce Mango, amma kasuwar daban take. Can masu sayar da taki da maganin feshi ne suka fi buƙatarsa, su kuma kuɗinsu sai kaka yake shigowa, bayan an sayar da auduga da masara. Biyan wata-wata bai yi musu ba, dole ya koma karɓa sau biyu a shekara, ya koyi jan kuɗin kaka har ya kai shi damina. Intanet kan ɗauke da zarar an bar gari, don haka ya sa manhajar ta yi aiki ko babu shi, ta aika bayanai in an dawo. Ga kuma dokar ta-ɓaci ta tsaro da aka sa wa yankin Savanes, inda Dapaong take, tun Yunin 2022. Mutanen ƙauyukan bakin iyakar Burkina Faso da yawa sun bar gidajensu, wasu sun sauya lamba. Masu kantin da kansu suka roƙa a ƙara wuri a manhajar inda za a rubuta cewa wane ya yi gudun hijira, kada a tura masa tunin bashi, a kira shi dai a yi masa jaje. Cikin duk abin da ya ƙera, wannan gurbi na fi alfahari da shi.

Ma'aikaciyar da ya fara ɗauka ba ta san rubuta manhaja ba. Mace ce 'yar Dapaong mai jin Moba da Hausa da Faransanci, aikinta ta zaga kantuna ranar kasuwa, ta zauna da yaron kanti ta ga ko yana shigar da sunaye, in ya bari ta ji dalili. Wani dillali a Cinkassé ya nemi a ƙara masa lissafin kayan da ke tsallaka iyaka, da kuɗi mai kauri. Ɗan yayata ya ba shi haƙuri sai bayan kaka, don akwai kantuna shida a Mango da aka yi wa alkawarin zuwa tun kafin azumi.