Tunkiya da Mai Nemanta

Duk wanda ya shiga Kasuwar Shanu ta Maiduguri a kwanakin da Babbar Salla ta gabato, ya ratsa tsakanin turakun da aka ɗaure raguna, lalle idonsa zai tsaya a kan balami, ragon Barno, fari fat, mai dogayen ƙafafu da lanƙwasasshen karan hanci da faffaɗan kunnuwa masu reto, wanda babu kamarsa a girma cikin tumakin Nijeriya. Kusa da shi ga uda, gabansa baƙi ko ja, bayansa fari. Mai saye ba ya gaggawa: yakan buɗe bakin rago ya ƙirga haƙoran ƙasa domin ya san shekarunsa, tun da tunkiya ba ta da haƙoran gaba a sama sai dasashi mai tauri, sa'an nan ya matsa gadon baya, ya sa a ja shi ya ga tafiyarsa, gama malaman fiƙihu sun shar'anta cewa mai ido ɗaya da gurgu da majinyaci da ramamme ba su isar wa layya, haka kuma Attaura ta nemi dabba marar aibi domin hadaya. Zaɓen ɗan Adam ke nan, kuma ba laifi ba ne: yana bin cancanta, yana tsallake naƙasasshe.

Hausawa ba su ba tunkiya daraja ta fuskar hankali ba. Akuya suka ce ta yi wayo da yankakken kunne, ita kuwa tunkiya aka bar ta da wauta, a ganina kuwa an zalunce ta. Masu bincike a Ingila sun nuna a 2001 cewa tana iya riƙe kamannin fuskokin 'yan'uwanta hamsin har tsawon shekara biyu. Uwa kuma, bayan cikin wata biyar, da ta lashe ɗanta ta shaƙi ƙanshinsa a sa'o'in farko, ta san shi ke nan, in baƙon ɗa ya nufo hantsarta sai ta tunkuɗe shi. Rauninta ɗaya ne, amma babba: dukan dabararta a cikin garke take. Ranar da ɗanyar ciyawa ta ja ta, tana kiwo kai a sunkuye har ta ɗago ta ga ba kowa, sai ta ruɗe, ta yi ta kuka, kukan nan kuwa kura ma tana jinsa.

Wannan dabba ce Yesu Almasihu ya buga misali da ita a Bisharar Luka, sura ta 15, sa'ad da malaman zamaninsa suka yi gunaguni domin yana cin abinci tare da masu zunubi: makiyayi mai tumaki ɗari, guda ta ɓata, ya bar sauran a jeji ya bi sawunta, bai fasa ba sai da ya same ta, ya saɓo ta a kafaɗa da murna. Abin da ya daɗe yana taɓa zuciyata a nan shi ne ba a ambaci ƙibarta ko kyan gashinta ba, ba a kuma ce ta yi wani yunƙuri na komowa ba. Hujjar neman guda ɗaya ce tak, wato tasa ce. Da dillalin Kasuwar Shanu za a tambaya, watakila ya ce wannan ba lissafi ba ne, a jefa casa'in da tara cikin kasada saboda ɗaya, kuma bisa ƙa'idar ciniki ya yi gaskiya. Sai dai makiyayi ba da idon ciniki yake duban garkensa ba. Kakanninmu sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, hakan kuwa yakan tabbata tsakanin mutane. Imaninmu na Kirista shi ne cewa Ubangiji bai bi da mu bisa wannan hukunci ba, shi ne ya fara nema tun ba mu san mun ɓata ba, annabi Ezekiyel kuma ya riga ya faɗi haka a sura ta 34 ta littafinsa, inda Allah ya yi alkawarin nemo warwatsattsu da kansa, ya ɗaure wa karyayyu rauni.

A Maiduguri wannan magana ba tatsuniya ba ce. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda asalinta ya faro daga sujadar da aka yi a gindin tsamiya a Garkida cikin Maris na 1923, tana cikin waɗanda fitinar Boko Haram ta fi ɗaiɗaitawa: an ƙone majami'unta a birnin nan a 2009, mutanen Gwoza da kewaye suka watsu a 2014, wasu zuwa sansanonin Maiduguri, wasu har Kamaru, akasarin 'yan matan Chibok 276 da aka sace a Afrilun shekarar kuma 'ya'yanta ne. Uwar da har yau take jiran 'yarta ba ta bukatar a fassara mata dalilin da ya hana casa'in da tara cike gurbin ɗaya. Abin da take so ta ji daga bakin fasto da dattawan ikilisiya shi ne cewa Mai neman bai gaji ba, su ma kuma ba su cire sunan daga cikin addu'ar ranar Lahadi ba.