Taurarin da Magina Suka Dasa a Silin

Gidan kallo a Kende ko Illo ko Ka'oje ba ya buƙatar abu mai yawa: rumfar kwano, bencina, talabijin biyu ko uku, sai janareto yana ruri a bayan ɗaki. Ba wanda ke biyan kuɗinsa don ya kalli bango. Amma an yi wani zamani a Amurka, daga wajen 1915 zuwa farkon shekarun 1930, da masu harkar fim suka gano cewa bangon ma haja ce. Fim ɗin da wannan gida ya nuna yau, wancan zai nuna irinsa gobe, kuɗin shiga kuma bai taka kara ya karya ba, to da me za a ja mutum ya wuce ƙofa uku ya shigo ta huɗu? Sai suka koma gasar gini. Lebura da mai wanki su biya 'yan sulalla, su zauna awa uku a ɗakin da ya fi na attajiran garin kyau. Roxy da aka buɗe a birnin New York a 1927 yana ɗaukar mutum kusan 6,000 a zama ɗaya.

Bari mu ɗauki gida guda mu bi shi daga ƙofa har silin. Na zaɓi Fox da ke Atlanta, a jihar Jojiya, don yana nan tsaye har yau, kuma Bahaushe zai ga abubuwan da idonsa ya sani a jikinsa: ƙubba, hasumiya, ƙofofi masu baka. Wata ƙungiya ce ta Amurkawa da ake kira Shriners ta fara ginin don ya zama hedikwatarta. Ba Musulmi ba ne, amma sun ari sunaye da zane-zanen Larabawa, har jar dara suke sawa a taronsu. Kuɗi ya gaza musu, sai suka ba William Fox, wani babban ɗan kasuwar fim, hayar babban ɗakin. Aka buɗe ranar 25 ga Disamba 1929, wata biyu kacal bayan kasuwar hannun jari ta Amurka ta durƙushe. Kujerunsa a yau 4,665 ne.

Daga titin Peachtree ba a faɗawa ɗakin kallo kai tsaye. Sai an ratsa wani dogon zaure, sannan falo mai kafet da fitilu marasa ƙarfi. Wannan tafiya tana da dalili. Mutum dubu huɗu na ciki ba su fito ba, wasu dubbai sun sayi tikiti suna jira, dole a samu inda za a tsare su ba tare da sun gaji sun tafi ba, don haka aka ba su abin kallo tun a tsaye. Haske kuma yana raguwa kaɗan-kaɗan daga titi zuwa ciki, ta yadda kafin mutum ya kai kujerarsa idonsa ya riga ya saba da duhu. A riƙe wannan, don shi ne mabuɗin sauran bayanin: a irin waɗannan gidaje da wuya ka ga ado wanda ba wani aiki yake rufewa ba.

Idan an shiga babban ɗakin, ƙafa ce ke fara jin bambanci. Daɓen yana gangarawa zuwa gaba, kowane layi ya ɗan fi na gabansa tudu, don kan wani kada ya tare wa wani allo. A sama kuma ga bene ya miƙo, ɗauke da mutane masu yawa, amma babu ginshiƙan da suka tokare bakinsa. Da an kafa su, duk wanda ya zauna a bayansu ya yi asarar kuɗinsa. Abin da injiniyoyin wancan zamani ke yi shi ne su gitta wani ƙaton ƙarfe daga bangon dama zuwa na hagu, su ɗora dogayen ƙarafa a kansa, gindinsu a ɗaure da bangon baya, kawunansu a miƙe cikin ɗaki. Nauyin na gaba sai baya ta riƙe shi. Duk wannan ƙarfe an lulluɓe shi, mai kallo ba ya ganin ko ƙusa.

Yanzu a ɗaga kai a dubi bango. A Fox ba a yi shi kamar bangon ɗaki ba, an yi shi kamar mutum yana zaune a tsakar gidan wata fadar Larabawa da dare. Dama da hagu ganuwa ce mai haƙora a kanta, da tagogi, da 'yan barandu. Saman dandamali kuma, inda aka saba yin baka mai zane, an gitta abin da ya yi kama da gada, da fitilu jere a kanta. Babu mai leƙowa ta tagogin nan. Bayan wasu ramukan ado da ke kusa da dandamali akwai ɗakuna cike da bututu, dogaye da gajeru, na wani kayan kiɗa da ake kira ogan. Na Fox kamfanin Möller ne ya ƙera shi, yana da bututu 3,622. Fim bai fara magana sosai ba sai daga 1927, kafin nan makaɗi ne ke zama a gaba yana bin hoto da sauti: kukan jirgi, tsawa, ƙarar kofaton doki. Dole sautin ya fito, kuma ba a son a ga injin, shi ya sa aka huda bangon da zane mai ramuka.

Silin shi ne inda aka fi zuba basira, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Wanda ya shahara da wannan salo wani mai zanen gini ne, John Eberson, da ya yi gidan Majestic a Houston a 1923. Ba shi ya zana Fox ba, amma hanyarsa aka bi. Da farko ana yin silin mai lanƙwasa, sumul, ba kusurwa ba layi, domin ido yana gane nisan abu ne ta gefensa, idan ya rasa gefe sai ya ɗauka abin ba shi da iyaka. Sannan a shafe shi da shuɗin fenti mai duhu. Ganuwar da muka ambata ba ta kai silin ba, an bar rata a bayanta, a cikin ratar aka jera ƙwayayen lantarki masu launi suna haska sama. Mai kallo yana ganin hasken, ba ya ganin inda ya fito. A irin waɗannan gidaje ana raba ƙwayayen kashi-kashi, ja da ruwan goro da shuɗi, kowane kashi da makunninsa mai ragewa da ƙarawa. Mai kula da wuta ya rage ja a hankali ya ƙara shuɗi, sai a ga magariba ta yi a cikin ɗaki, alamar fim zai fara.

Taurari kuwa ƙananan ramuka ne aka huda a silin, aka dasa ƙwayar gilashi a kowanne, aka sa fitila a bayanta. Na Fox 96 ne, kusan kashi ɗaya cikin uku suna ƙyaftawa. An daɗe ana raɗe-raɗin cewa ɗaya daga ciki fasasshiyar kwalbar Coca-Cola ce, lemon da asalinsa ɗan garin Atlanta ne, sai a 2010 masu gyaran ginin suka hau saman silin suka tarar haka ne. Gajimare ne ya rage. Shi wata ƙaramar majigi ce a ɓoye, da faifai mai hoton gajimare yana juyawa sannu-sannu a gaban fitilarta, hoton ya faɗa kan shuɗin silin yana tafiya. Abin mamakin shi ne wannan salo ya fi arha a kan silin mai ƙubba da zinariya da manyan fitilu masu reto. Fenti da wuta sun fi sassaƙa sauƙin kuɗi.

A nan ne mutumin Arewa zai yi murmushi. An buɗe gidan sinima na farko a Kano a 1937, 'yan kasuwa Kwarori ne kan gaba a harkar, kuma yawancin gidajen da suka yi suna, a Kano da sauran biranenmu, katanga ce mai tsawo da allo da kujeru, sama a buɗe. Abin da Ba'amurke ya kashe dukiya yana kwaikwayo, ɗan kallon Kano na wancan zamani kyauta yake samunsa. Sai dai kyautar tana da sharaɗi: ba a fara fim sai duhu ya yi, da damina kuma hadari ne ke da ikon tashin taro. Mai gidan Fox yana iya kawo dare da tsakar rana, ya sayar da kujera ɗaya sau da yawa kafin a kwanta. Dalilin samaniyar ƙarya ke nan, kuma dalili ne na ciniki.

To da me aka yi duk wannan? Dutsen ganuwar nan ba dutse ba ne, wasu katakan da ke gitte ba itace ba ne. Filasta ce, irin garin da maginanmu ke kira POP, wanda mutanenmu suka sani sarai, tunda da yawa daga gwanayen wannan aiki a Nijeriya daga Jamhuriyar Benin da Togo suke shigowa. Matakan ma kusan ɗaya ne da na yau. Gwani ya sassaƙa fure ko zane guda da yumɓu. A zuba masa wani abu mai danƙo ya ɗauki siffarsa, ya zama mazubi. A kwaɓa gari a zuba a mazubin, a cusa zaren rama a ciki don kada ya karye, ya bushe a ɓamɓare. Daga sassaƙa ɗaya ana iya fitar da ɗaruruwa. Sai a kai su wurin gini a ɗaure da waya da rodi a jikin ƙarafan da ke ɓoye, a like mahaɗa. Sauran aikin na mai fenti ne, kuma a ganina shi ne babban gwani a gidan. Shi ke mai da farin gari ya zama tsohon dutse, ya ja jijiyar itace da buroshi, ya shafa baƙi-baƙi a cikin kwarmin zane don sabon gini ya yi kamar ya shekara ɗari biyar. Inda ake son zinariya, sau da yawa siririn ganyen ƙarfe mai arha ake mannawa a shafa masa launi. Da rana tsaka yaudarar za ta iya tonuwa, amma ba da rana aka yi shi a gani ba.

A Fox akwai misali mai kyau na wannan. Saman kujerun baya na bene an rataya abin da ya yi kama da ƙatuwar tantin makiyayan Larabawa, mai ratsi-ratsi, har da lanƙwasar da yadi ke yi idan ya yi nauyi. Ba yadi ba ne, filasta ce da rodi, kuma aikinta ta tattaro sauti ta mayar wa waɗanda suka fi nisa da dandamali. Iska ma haka: a manyan gidajen wancan zamani sanyi yana shigowa ta ramukan da aka saje da zane, ya fita ta wasu 'yan hulunan ƙarfe a ƙarƙashin kujeru. Tun da Willis Carrier ya sa na'urar sanyaya ɗaki a gidan Rivoli na New York a 1925, mutane da yawa sanyin suke zuwa saye da bazara, fim ɗin gyara ne.

Akwai abin da ba a yi masa ado ba ko kaɗan, wato ɗakin majigi da ke can ƙurya a sama. Zaren fim na wancan lokaci, har zuwa wajen 1950, da wani sinadari ake yin sa mai kama wuta kamar fetur, ruwa ma ba ya kashe shi da sauƙi. Don haka ake gina ɗakin da kankare, a sa wa 'yan tagoginsa marufin ƙarfe da aka rataya da wani ɗan ƙarfe mai narkewa, zafi ya yi yawa ya narke, marufin ya faɗo ya toshe. Ƙofofin fita kuma waje suke buɗewa, darasin da Amurka ta koya bayan gobarar gidan wasa na Iroquois a Chicago a 1903, inda mutum wajen 600 suka mutu. Kano ta ga nata a watan Mayu 1951, lokacin da wuta ta tashi daga zaren fim a sinimar El Duniya, mutane fiye da 300 suka rasu. Duk mai neman dalilin da ya sa iyayenmu suka daɗe suna ƙyamar gidan sinima, ya sa wannan gobara a lissafinsa.

Wani abu kuma da filasta ba ta iya rufewa ba: ba kowa ke bin dogon zauren nan mai kafet ba. Har zuwa 1962, baƙar fata a Atlanta wata ƙofa ta gefe suke bi, su sayi tikiti a wata taga dabam, su hau matakala zuwa kujerun can ƙoli. Ginin ya ari ƙubba daga ƙasashen Musulmi, ya ari zanen wani ɗakin rawa daga Masar, amma jikokin Afirka ta bayan gida suke shigarsa. An bar waccan ƙofa da tagar a inda suke, ana nuna wa maziyarta. A Kano ma a farkon zamani ana ware daren Turawa da Larabawa dabam da na 'yan ƙasa.

Zamanin bai daɗe ba. Talaucin shekarun 1930 ya tsayar da sababbin gine-gine, sannan talabijin ta shiga gidaje bayan yaƙin duniya na biyu, ɗaki mai kujeru dubbai ya koma kaya a wuyan mai shi. An rushe Roxy a 1960. Salon dai ya yi tafiya: Grand Rex na birnin Paris da aka buɗe a 1932 yana da irin wannan silin mai taurari, masu son finafinan Indiya kuma sun san Raj Mandir na Jaipur, da aka buɗe a 1976. A gida kuwa, sinimar Palace ta unguwar Jakara, wadda aka buɗe cikin birnin Kano a farkon shekarun 1950 malamai suna adawa, Gwamna Sabo Bakin Zuwo ya rufe ta a 1983 aka mai da ita asibiti. Fox ma saura ƙiris. A 1974 kamfanin wayar tarho na Southern Bell ya nemi filin don ya gina ofis, mutanen Atlanta suka tashi da gangami da karo-karo har suka saye ginin, a 1976 gwamnatin Amurka ta sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa. Yanzu wasannin dandamali da na mawaƙa ne suka fi ciyar da shi, kuma yana da nasa ma'aikatan gyara da ke kula da filasta da fenti da kafet bisa tsarin 1929.