Kafin Ka Sayi Jirgin Ruwa Na Hannu

Cikin birnin Kano babu babban kogi. Akwai kududdufai, akwai rafin Jakara, akwai kuma wata ƙofa da ake kira Ƙofar Ruwa, amma duk wanda ya je can ƙarfe da kayan gini zai tarar, ba jirgi ba. Sai dai da zarar an fita daga birni, ruwa ya kewaye mu. Ga dam ɗin Tiga da aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Ga na Challawa a ƙasar Ƙaraye, wanda aka gama a 1992. Ga na Watari a Bagwai, ga na Thomas a wajen Dambatta, ga kuma kogin Wudil. A bakin waɗannan ruwaye akwai masunta, akwai masu fito, akwai manoman da gonarsu ke tsallake.

Sabon jirgi yana da tsada. Saboda haka mutum ɗaya, ko ƙungiyar ƙauye da ta yi karo-karo, sukan nemi na hannu. Wannan ba laifi ba ne. Amma sayen jirgi ba kamar sayen keke ba ne. In keke ya lalace a hanya, sai ka sauka ka tura. In jirgi ya lalace a tsakiyar dam, babu wurin sauka.

Jama'a ba su manta da abin da ya faru a Bagwai ba. Ran 30 ga Nuwamba, 2021, wani jirgi ya taso daga Badau da yamma. Yawancin waɗanda ke ciki yara ne 'yan Islamiyya, za su wajen Maulidi. Jirgin ya kife a ruwan Watari. A kwanakin farko kaɗai an tsamo gawa 29. Hukumomi sun ce an yi wa jirgin lodi fiye da ƙima. A watan Mayu na wannan shekarar kuma, wani jirgin katako da ya taso daga Jihar Neja zuwa Wara ta Jihar Kebbi ya tsage a tsakiyar ruwa da mutane fiye da 150. Jami'ai sun ce jirgin tsoho ne, ga kuma nauyi ya yi masa yawa. Tsufa da nauyi, su ne abubuwa biyu da mai sayen jirgi na hannu zai sa a ransa tun daga farko har ƙarshe.

Jirgi mai dandamali

Kowa ya san kwale-kwale. Akwai wanda ake sassaƙawa daga gungumen itace kamar maɗaci, akwai wanda ake haɗawa da katako da ƙusa, irin wanda mutanen Yawuri suka gwanance a kai. Amma akwai wani irin jirgi dabam. Shi ba shi da ciki mai zurfi. Dandamali ne shimfiɗaɗɗe kamar daɓen ɗaki, an ɗora shi a kan dogayen tankuna biyu da ba komai a cikinsu sai iska, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Tankunan su ke riƙe shi a kan ruwa. Dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kakanninmu sun ƙetare kogi a kan gora, kuma gora ba komai ba ce sai iska a rufe.

Wani manomi ne a Jihar Minnesota ta ƙasar Amurka, mai suna Ambrose Weeres, ya shahara da ƙera irin wannan jirgi a farkon shekarun 1950. Duroman ƙarfe ya jera, ya ɗora katako a kai. Yau kamfanoni suna yin tankunan da alminiyum, wato farin ƙarfen nan marar nauyi da ake tukwane da shi. A nan gida kuwa, masu walda sukan haɗa shi da faranti na ƙarfe, ko da duroman ƙarfe ko na roba.

Amfaninsa shi ne fili. Ana iya ɗora babur, da buhuna, da tumaki, tsoho da mai ciki su hau ba tare da wahala ba. Ba ya girgiɗi kamar kwale-kwale. Wannan natsuwar tasa ita ce ke yaudarar mutane. Kwale-kwale in nauyi ya yi masa yawa kowa yana gani, ruwa ya kusa baki. Shi kuwa wannan sai ya zauna daram kamar ba komai, har zuwa lokacin da mutane suka karkata gefe ɗaya, tankin gefen ya nutse gaba ɗaya. Daga nan ba abin da zai tallafe shi, sai ya juye. Kuma jirgin kwantaccen ruwa ne. Ba ya son igiyar ruwa, ba ya son iskar da ke zuwa gaban hadari.

A fito da shi tudu

Kada ka yi ciniki jirgi yana cikin ruwa. Ruwa yana rufa asirin jirgi. Ka ce a jawo shi tudu. In mai shi ya ƙi, ko ya ce babu masu ja, to ka biya yara su ja. In har yanzu ya ƙi, ka kama hanyarka.

Kada kuma ka je kai kaɗai. Ka tafi da wanda ya san ruwa, tsohon mai fito ko wani daga mutanen sarkin ruwa, wanda ba shi da rabo a cinikin. Dillali la'adarsa yake nema, sai an saya zai samu.

Fara da tankunan. Ka ƙwanƙwasa su daga kai har gindi. Tankin da ba ruwa a ciki yana ƙara kamar ganga. Wanda ruwa ya shiga, ƙararsa a mace take. A ɗaga gefe ɗaya a girgiza, ka kasa kunne ko za ka ji motsin ruwa. In tankin yana da murfin zubar da ruwa a baya, a buɗe a gabanka. Ruwa kaɗan kamar cikin moɗa yana iya zama gumin ƙarfe. Amma in ya cika bokiti, akwai ɓula.

Neman ɓula ba wuya. Yadda mai faci ke yi wa tayar keke, haka za ka yi. A hura iska kaɗan cikin tankin da famfon keke. Kaɗan fa, domin iska mai yawa tana kumbura tanki ta ɓata shi. Sai a shafa ruwan sabulu a duk inda aka yi walda. Inda kumfa ya taso, nan ne ƙofar ruwa. Ka fi lura da wurin da aka haɗa tanki da dandamali, don nan ne ke shan wahala duk sanda jirgi ya motsa.

Sabon fenti a kan tsohon jirgi abin tuhuma ne. Ka kankare kaɗan da wuƙa a ƙasan tankin. In ƙarfe ne, duba ko tsatsa ta ci shi har ya zama kamar ɓawon albasa. In alminiyum ne, ba ya tsatsa ja, amma yakan yi fari-fari da ƙananan ramuka kamar zanzana. In duroman roba ne, rana ce abokiyar gabarsu. Robar da ta sha rana takan koɗe, in ka danna da ƙarfi sai ta tsage. Ka kuma tambayi abin da aka taɓa zubawa a cikin duroman. Wanda ya ɗauki maganin feshi ko guba, in ya ɓule zai kashe kifi, ya ɓata ruwan da jama'a da dabbobi ke sha.

Sannan dandamalin. Ka taka ko'ina da ƙafarka. Inda ya lotsa, katako ya ruɓe. In an shimfiɗa leda ko kafet a kai, ɗaga ka gani. Ka shiga ƙarƙashi ka soka ƙusa a jikin katakon, in ta shige ba gardama to gara ko danshi sun gama da shi. Wanda kwale-kwalen katako zai saya, haka shi ma zai yi, ya ƙara da duba wuraren da aka toshe da tsumma da kwalta. Faci ɗaya ko biyu ba komai. Amma jirgin da faci ya fi katako yawa, itacen girki ne.

Inji

Sau da yawa inji ya fi jirgin kansa tsada, kuma a nan aka fi cutar mai saye. Ka je da sassafe, ka taɓa injin ka ji da sanyi, sannan a tayar. Injin da aka riga aka ɗumama kafin ka zo, ko mai ciwo ne zai tashi da bugu ɗaya. Kada a tayar da shi a busasshe, sai ƙafarsa tana cikin ruwa, ko a dam ko a cikin durom. Da ruwa yake sanyaya kansa. In ya tashi, za ka ga wani siririn ruwa yana tsartuwa daga jikinsa. In babu wannan ruwa, a kashe nan da nan, famfon cikinsa ya mutu.

A kwance ƙusar man giya da ke can ƙasa kusa da farfela, a ɗiga kaɗan a hannu. In man ya yi fari kamar kindirmo, ruwa yana shiga. Duba farfelar ko ta lanƙwashe ko ta gutsure. Dam-dam ɗinmu cike suke da kututturen itatuwan da ruwa ya rufe, su ne ke cin farfela. A ƙasar Haɗeja kuma ga kacala tana naɗe ta.

Ka zaɓi injin da makanikan kusa da kai suka sani, wanda ake samun kayan gyaransa a Kano, irin su Yamaha. Injin da ba wanda ya san shi, ko kyauta aka ba ka, ranar da ya tsaya ya tsaya ke nan. Kowane inji yana da lamba a jikinsa. In an kankare lambar, kada ka saya. Ana satar injin jirgi kamar yadda ake satar babur.

Nauyin da zai iya ɗauka

Wannan shi ne babban abu, kuma ba a bakin mai sayarwa za ka ji shi ba. Shi zai ce maka jirgin yana ɗaukar mutum 20, don ya taɓa ɗauka Allah ya kiyaye. Kai ka yi lissafi da kanka.

Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Durom mai cin lita 200, in an rufe shi da iska, sai an ɗora masa kusan kilo 200 kafin ya nutse duka. Amma ba a so ruwa ya wuce rabin durom. Rabin da ke sama shi ne ajiyar ranar iska, da ranar da mutane suka ruga gefe ɗaya. Ke nan kilo 100 za ka ƙirga wa kowane durom.

A ce jirgi yana da durom 12. Kilo 1,200 ke nan. Yanzu cire nauyin jirgin kansa, wato duroman da katako da ƙarafa da inji da mai. A ce sun kai kilo 600. Saura 600. Wannan shi ne manya 9 har da direba, ko buhun masara 6 masu kilo 100. Ba mutum 9 da buhu 6 ba, ɗaya daga ciki. Babur ɗaya kuwa ya kai nauyin buhu, ko ya ɗara. Yara ma nauyi ne. Kada a ce ai ƙanana ne a yi ta cusawa.

Tsohon jirgi ba ya ɗaukar abin da ya ɗauka yana sabo. Katakon da ya sha ruwa ya ƙara nauyi. Kowane facin ƙarfe ya ƙara nauyi. Durom ɗaya in ruwa ya cika rabinsa, kilo 100 ya tafi, kuma daga gefe ɗaya. Shi ya sa bayan duban tudu sai a mayar da jirgin ruwa a gwada. In ba kowa a kai, ya zauna daidai, ba karkata. Sai a riƙa ɗora buhunan yashi a wuri marar zurfi, ana kallon tankunan. Inda ruwa ya kai rabi, a tsaya a ƙirga buhunan. A bar shi da kayan ya kwana. Da safe in ya ƙara nutsewa, yana yoyo. Buhun yashi ake gwaji da shi, ba 'ya'yan mutane ba.

Takarda da sauran kashe-kashe

In kun daidaita, a rubuta. Sunan mai sayarwa, sunan mai saye, kuɗin, lambar inji, da duk aibin da mai shi ya faɗa. A yi a gaban mai unguwa ko sarkin ruwa da shaidu biyu. Ka karanta da kanka kafin ka sa hannu. Ka tambaya ko jirgin na mutum ɗaya ne, ko na gado ne da ba a raba ba, ko an ci bashi a kansa.

Kada ka zuba duk kuɗinka a ciniki. Akwai kuɗin motar da za ta kawo shi, in daga nesa ne kamar Yawuri. Akwai gyara, don babu jirgi na hannu da ba ya neman gyara. Akwai rigunan ruwa, ɗaya ga kowane fasinja, har da ƙanana na yara, domin rigar babba takan zame daga jikin yaro. Akwai filafili biyu da doguwar gora saboda ranar da inji ya mutu, da igiya, da bokiti.

Wanda zai ɗauki fasinja da kuɗi ya nemi izini. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wato NIWA, wadda aka kafa a 1997 kuma hedikwatarta ke Lakwaja, ita ke rajistar jirage. Ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta sa rigar ruwa. Dam ɗin Tiga da na Challawa suna hannun hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, sai a tuntuɓi ma'aikatanta da ke wurin, da kuma ƙaramar hukuma.

Ranar da jirgin ya zama naka, ka sayi fenti ja. Ka ja layi a jikin tankunan daidai inda ruwa ya tsaya ranar gwaji. Sannan ka rubuta yawan mutanen da zai ɗauka da manyan lambobi a gaba da baya, yadda mai tsaye a bakin ruwa zai iya karantawa tun kafin ya hau.