Ɗan jagora da mai jinya: aikin da ba shi da albashi

Duk mai zama babbar kasuwar Maraɗi ko kasuwar Dole ta Damagaram ya san su: makaho a baya, yaro a gaba riƙe da sanda, alhali tsaransa suna lakkwal. A cikin gida kuma, ƴar kasuwa ce ke rufe rumfarta don ta yi wa maigidanta mai shanyewar jiki wanka, ta ciyar da shi. Ciniki ya tsaya, jari na narkewa.

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum 16 cikin 100 na fama da babbar naƙasa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006, wadda Nijar ta amince da ita a 2008, ta ba naƙasasshe haƙƙin samun mataimaki domin ya zauna cikin jama'arsa. Tun 1994 hukuma ke biyan mataimaki a Suwidin, naƙasasshen ne kuma ke zaɓensa. A Faransa, dokar 2005 ta yarda a ba ɗan uwa mai ɗawainiyar ɗan kuɗin diyya.

Aljihunmu bai kai nasu ba, amma da hanau gara mannau. Magadan gari su ƙidaya masu wannan ɗawainiya unguwa-unguwa. A koya wa makafi tafiya da farar sanda, yara su koma aji. Ku kuma ƴan adashi, ku ware wani kaso don biyan wadda za ta karɓi ƴar uwarku ranar kasuwa.