Me Ya Sa Ciyawa Ke Gagarar Maganin Feshi?

Da zarar damina ta kama, ƙorafin da nake yawan ji daga manoman unguwarmu ta Bulumkutu shi ne wai maganin feshin yanzu ba shi da ƙarfi. Wani lokaci jabu aka sayar musu, wani lokaci kuma ruwa ne ya yi yawa wajen haɗi. Amma akwai dalili na uku da nake so mai karatu ya sani, wato ita kanta ciyawar takan gagari magani.

Misali mafi shahara ya fito ne daga jihar Kansas ta Amurka. A shekarar 1996, kusa da garin Rossville, aka ga sanfulawar daji tsaye kyam a wata gonar waken soya, alhali an shekara 7 a jere ana fesa maganin imazethapyr. Masani Kassim Al-Khatib na Jami'ar Jihar Kansas da abokan aikinsa suka tabbatar maganin ya daina cin ta.

Yaya aka yi haka? Maganin yana toshe wani sinadari da tsiro ke buƙata wajen gina jikinsa. Cikin dubban tsirrai akan sami ɗaya ko biyu da halittarsu ta ɗan bambanta, maganin ba ya kama su. Feshi ya kashe sauran, su kuma su zubar da iri. Baɗi manomi ya sake fesa wannan maganin, 'ya'yansu su sami fili babu abokin gasa. Ashe ba sabawa ciyawar ta yi ba, manomi ne da hannunsa ya tace masu taurin kai ya bar musu gonar.

Abin mamaki, masana sun ɗauki wannan hali suka saka shi cikin sanfulawar noma, wadda ake tatsar mai daga 'ya'yanta. A 2003 aka fara sayar da irin da sunan Clearfield, kuma a Turkiyya an yi amfani da shi wajen yaƙar wata ciyawa mai tsotson saiwar sanfulawa. Dabara ce mai kyau, sai dai a ganina ta sake jingina manomi da magani iri ɗaya.

Mu a Borno ba mu cika noma sanfulawa ba, amma muna da ƙuduji, wanda shi ma saiwar dawa da gero da masara yake tsotsa. Tsiro ɗaya kan zubar da dubban iri, irin kuma ya fi shekara 10 a ƙasa bai mutu ba. Idan irin wannan ya gagari magani, ina za mu sa kanmu? Shi ya sa hanyar da shirin PROSAB ya koyar a Biu da Hawul tsakanin 2004 da 2009 ta fi kwanta mini: a riƙa juya masara da waken soya. Saiwar waken tana yaudarar irin ƙuduji ya tsiro, ya rasa abin kamawa, ya mutu.