Gidan farko: Kuɗaɗen da ke jiran magidanci bayan ya karɓi makulli

A Yamai, Maraɗi da Damagaram, burin yawancin masu zaman haya shi ne ranar da za su daina jin sallamar mai gida a ƙarshen wata. Da yawa sukan yi lissafi mai sauƙi: abin da ake bai wa mai gida kowane wata, gwamma a mayar da shi biyan bashin gidan kai. Sai dai wannan lissafi yakan manta da kuɗaɗe masu yawa waɗanda ba sa bayyana sai an tare. Su ne ke sa wasu su ƙare da tarin bashi a kanti, wasu ma su sayar da gidan kafin su ji daɗinsa.

Abin da mai gida ke ɗauka a da

Ɗan haya ba ya damuwa da tsagewar katanga ko cikar masai. Galibi yakan sanar da mai gida ne kawai. Ranar da gida ya zama na mutum, duk wannan ya dawo kansa: gyaran kwano, yaɓe, fenti, kiran motar kwashe masai, sauya famfon da ya lalace. Wanda ya fito daga gidan haya na haɗaka, inda ake raba kuɗin wuta da na ruwa tsakanin maƙwabta, zai fara karɓar takardar NIGELEC da ta kamfanin ruwa na NDE shi kaɗai. Idan gidan bai da mita, akwai kuɗin jawo wuta da ruwa tun kafin a kunna fitila ko guda.

Akwai kuma kuɗin takardu. Mayar da sunan mai saye a kan takardar fili a ma'aikatar magajin gari, kuɗin rajista, ladan dillali, da neman cikakkiyar takardar mallaka, duk suna cin kuɗi a lokacin da aljihu ya riga ya bushe. Mai karɓar bashin banki yana biyan kuɗin buɗe takardun bashi da inshorar rai, kuma banki yakan nemi albashi ya riƙa shiga ta hannunsa. Ya kamata mai saye ya je ofishin haraji tun da wuri ya tambayi abin da doka ta ɗora wa irin gidansa.

Unguwa na sauya lissafi

Gida mai araha yawanci a gefen gari yake. Arahar nan tana da farashinta na kullum. Ma'aikacin da a da yake takawa zuwa ofis, yanzu sai ya sha man babur safe da yamma, yara kuma su hau kabu-kabu ko tasi zuwa makaranta. Ko da aka rage farashin litar fetur zuwa sefa 499 a watan Yulin 2024, lita ɗaya da rabi a kowace ranar aiki ta kai wajen jika 16 a wata.

Inda bututun ruwa bai kai ba, sai a dogara da ƴan garuwa, kuma ruwan jarka ya fi na famfo tsada nesa ba kusa ba. Inda turakun wuta ba su iso ba, sai farantan hasken rana da batura, waɗanda ake sauyawa bayan ƴan shekaru. Sabuwar unguwar da gidaje ke warwatse kan buƙaci mai gadi, ko karo-karon tsaro da na kwashe shara.

Batun ambaliya ma na cikin lissafi. A 2020 kogin Kwara ya cika ya shiga unguwanni irin su Lamorde da Saga a Yamai. A daminar 2024 ruwa ya rushe dubban gidaje a faɗin ƙasar, har da tsohon masallacin ƙasa na Damagaram. Gidan da ke cikin kwari ko kan hanyar ruwa zai riƙa cin kuɗin gyara kusan kowace shekara, shi ya sa masu hankali kan je duba gida da damina kafin su biya.

A lissafa shekara, a raba gida 12

Kuskuren da aka fi yi shi ne auna kuɗin gida da wata guda mai sauƙi, kamar Disamba ko Janairu, lokacin da sanyi ke rage shan wuta. Shekarar magidanci ba haka take tafiya ba. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan wuce maki 40, fanka da firji ba sa hutawa, kuɗin wuta da na ruwa su yi sama. Daga Yuni zuwa Satumba damina ce, da gyare-gyarenta da zazzaɓin cizon sauro da tsadar hatsi kafin kaka. Oktoba na zuwa da komawa makaranta. Azumi, ƙaramar salla da layya kuwa suna matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, don haka wani lokaci sukan faɗo tare da sauran hidimomin.

Hanyar da ta fi aminci ita ce a rubuta duk abin da ake kashewa sau ɗaya ko sau biyu a shekara, a tara, a raba gida 12, a ɗauke shi tamkar wani kuɗin haya da ake warewa kowane wata.

Misali da albashin jika 250

A ɗauka ga ma'aikaci mai mata da ƴaƴa uku, albashinsa jika 250, yana biyan hayar jika 50. Ya samu gida, banki zai riƙa cire masa jika 80 a wata, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na albashi, iyakar da bankuna suka saba tsayawa. Saura jika 170.

Cefane da hatsi jika 80. Wuta da ruwa, idan aka haɗa watannin zafi da na sanyi, jika 18. Iskar gas ta girki jika 4. Zirga-zirga jika 20. Katin waya jika 6, magani jika 7. Jimilla jika 135, saura 35.

Sai hidimomin shekara: makaranta jika 120, salla da layya jika 130, gyaran gida jika 100, biki da suna da taimakon dangi jika 70. Sun tashi jika 420, wato jika 35 a kowane wata. Albashi ya ƙare ƙaf, ba a bar ko dala ba don rashin lafiya mai tsanani, lalacewar babur ko jinkirin albashi. A idon banki wannan mutum ya cancanci bashi, amma gidansa na tafiya ne a bakin rami.

Alƙaluman kowane gida daban ne. Abin lura shi ne banki yana duba albashi da abin da zai cire, ba ya duba ragon layya ko kuɗin makaranta. Wannan aikin mai saye ne.

Gwaji kafin sa hannu

Akwai gwajin da ba ya cin ko sisi. Wata shida kafin sayen gida, magidanci ya fara rayuwa kamar ya riga ya saya. A misalin da ya gabata, zai biya hayarsa ta jika 50, ya ware ƙarin jika 30 da banki zai riƙa ɗauka, da wajen jika 8 na gyara, ya ajiye su inda hannu ba ya kaiwa da sauƙi. Idan wata shida suka wuce ba tare da cin bashi ba, lissafin ya tsaya, ga kuma jika 228 a ajiye na ko-ta-kwana. Idan tun a wata na uku an fara taɓa ajiyar, gidan ya fi ƙarfin albashin.

A nan zaɓi uku ne. Ko a nemi gida ƙarami, ko a ƙara jira a tara kuɗin farko mai kauri don bashin ya ragu, ko a tsawaita shekarun biya. Na ukun yana sauƙaƙa wata, amma yana ƙara jimillar abin da za a biya. Masu guje wa kuɗin ruwa da ke bi ta bankin Musulunci, ko ta adashe da gini sannu a hankali, su ma ba su tsira daga wannan lissafi ba, domin zubi na wata-wata yana nan.

Yana da kyau uwargida ta zauna a wannan lissafi tun daga farko, tunda ita ta fi sanin abin da tiyar shinkafa da buhun gawayi ke ci. Haka kuma a yi tsammanin baƙi: da zarar dangi a ƙauye suka ji an samu gida a birni, ɗalibi ko mara lafiyar da ya zo asibiti nan zai sauka, kuma tukunya ce za ta ƙaru. Wanda zai bayar da ɗaki ko shago haya don rage nauyi, kada ya lissafa kuɗin na wata 12 cif, saboda ɗaki kan zauna babu kowa, ɗan haya kuma kan makara.

Bahaushe ya ce daidai ruwa daidai tsaki. Kafin a biya kafin alƙalami, takarda ɗaya mai ɗauke da kuɗin wata da na shekara ta isa ta nuna ko gidan da ake so zai zaunu da albashin da ake da shi.