Bindigar Giwa: Daga Sangon Maharba Zuwa Mai Baki Biyu ta Landan

Dutsen Kufena yana yamma da birnin Zariya, dab da Wusasa, kuma har yau ana ganin ragowar tsohuwar ganuwa a gindinsa. Idan aka kawar da amfanin gona, rani ya kama, mafarautan ƙauyukan da ke kewaye da shi sukan fita kamar yadda ake yi a ko'ina a ƙasar Hausa: karnuka a gaba, gora da barandami a hannu, wasu da adaka rataye a kafaɗa. Abin da suke komowa da shi bai wuce zomo, gafiya, fakara, damo ko zabon daji ba. Wanda ya kado gada, ranar ya yi sa'a. Amma kirarin da suke yi cike yake da giwa da ɓauna da zaki, namun da mafi yawansu ba su taɓa arba da su a daji ba.

Kakanninsu sun yi arba da su, kuma suna da makamin da suka tanada domin haka. Sunansa sango. Gajeren mashi ne da ake shafe tsininsa da dafi, galibi na ƙwanƙwani, a zura shi cikin bakin bindigar toka bayan an ɗura albarushi. Maharbi zai bi iska, ya yi sanɗa har ya matso kusa da giwa, ya sakar mata, ya ja da baya. Daga nan sai bin sawu, wani lokaci yini guda, har dafin ya kayar da ita. Hauren kuwa yana da masu jiransa. A ƙarni na 19 fataken Hausa suna ratsawa har Adamawa neman haure, a kawo Kano, daga can raƙuma su ƙetare Sahara da shi zuwa Tarabulus.

Turawan da suka shigo Afirka farauta sun bi wata hanya dabam: su ƙara girman harsashi. Frederick Selous, Baturen Ingila, ya yi farautar giwa a ƙasar da yanzu ake kira Zimbabuwe tsakanin 1872 da 1874 da wata bindigar ɗuri mai lamba 4. Ma'anar lambar ita ce dunƙulen darma huɗu masu cika bakinta su ne laba ɗaya, wato kowane dunƙule ya haura giram 110. Daga baya Selous ya rubuta cewa dukan da ta riƙa yi masa a kafaɗa ya taɓa masa natsuwar harbi tun daga wancan lokacin.

Albarushi marar hayaƙi ne ya canza lissafin. Da shi ake iya tura ƙaramin harsashi da gudu mai tsanani, mai harbi kuma yana ganin abin da ke gabansa bayan ya harba. A 1898 kamfanin John Rigby ya fito da .450 Nitro Express, ta karɓu nan da nan. A 1907 hukumomin Ingila suka hana shigar da harsashi mai wannan awon Indiya da Sudan, don kada ya faɗa hannun masu yi musu tawaye, waɗanda ke riƙe da tsofaffin bindigogin soja masu irin faɗin bakin. Maƙeran Landan suka ɗan sauya awo don su kauce wa dokar, aka sami .470 Nitro Express ta Joseph Lang. Sai .416 Rigby a 1911, da .375 ta Holland & Holland a 1912. Amurkawa sun biyo baya da .458 Winchester a 1956. Abin lura shi ne har yau waɗannan tsofaffin awo ne ke riƙe da kasuwa.

Lambobin faɗin harsashi ne a ma'aunin inci: .375 milimita 9.5 ke nan, .470 kuma kusan milimita 12. Kan harsashin .470 yana da nauyin giram 32, na AK-47 kuwa kusan giram 8 ne. Yana fita da gudun kimanin mita 650 a daƙiƙa, ƙarfin bugunsa ya ninka na AK-47 sau uku da ɗoriya. Akwai waɗanda suka fi haka, irin su .700 Nitro Express ta 1988 mai harsashin giram 65, amma wannan ta masu tara kayan alfahari ce, ba kasafai ake shiga daji da ita ba.

Me ya sa sai an kai haka? Toron giwa yana kai tan 6. Ƙoƙon kansa ƙashi ne mai kauri, mai ramuka kamar saƙar zuma, ƙwaƙwalwar kuma tana can ciki, nesa da goshi. Harsashi mai laushi zai baje kafin ya isa. Don haka ake amfani da daskararre, na tagulla zalla ko mai rigar ƙarfe, wanda zai ratsa a miƙe ba tare da ya lanƙwashe ba. Zaki da damisa fatarsu ba kauri, su mai laushin ake sa wa don ya buɗe a ciki. Ɓauna tana tsakani, shi ya sa da yawa sukan sa mai laushi a harbin farko, daskararru su biyo baya. Ita ce kuma maharba suka fi shakka. Idan ta ji rauni takan kutsa cikin duhuwa ta tsaya, mai bin jininta ba zai gan ta ba sai ta taso masa daga 'yan taku kaɗan.

Saboda wannan ɗan lokacin aka ƙera bindiga mai baki biyu. Bakuna biyu, kunama biyu, kowane ɓangare da nasa kayan aiki, ta yadda in ɗaya ya ƙi tashi ɗayan yana nan, kuma harbi na biyu ba ya buƙatar komai sai matsar da yatsa. Wahalar tana wajen ƙira. Dole bakunan biyu su jefa harsashi wuri ɗaya a tazarar kamar mita 50, kuma ba lissafi kaɗai ke ba da haka ba. Maƙerin zai liƙa su, ya je ya harba, ya dawo ya narkar da liƙin, ya gyara da ɗan tsinken ƙarfe a tsakaninsu, ya sake liƙawa, ya sake harbawa, har su daidaita. Idan mai ita ya canza nauyin harsashi, daidaiton ya tafi. Sabuwar irin wannan daga manyan shagunan Landan tana haura fam 100,000, ana auna tsawon hannun mai saye kafin a sassaƙa kotar, sannan ya jira fiye da shekara.

Mai ƙaramin ƙarfi sai ya nemi mai sakata, wadda ake ja a tura da hannu, bisa tsarin Mauser na Jamus na 1898. Tana ɗaukar harsashi uku zuwa biyar, ana samun ta kamfanoni irin su Winchester da Ruger a kan 'yan dubban daloli. Masu sana'ar sukan ba sabon shiga shawarar ya tsaya a .375, wadda ita ce mafi ƙanƙantar da Tanzaniya ta yarda a fuskanci manyan namun daji da ita.

Dalilin shawarar shi ne dukan kafaɗa. Na .470 ya ninka na bindigar farauta ta yau da kullum sau uku ko fiye, duk da cewa ana yi mata nauyin kusan kilo 5 don ta shanye wani abu daga ciki. Wanda ya sha dukan sau biyu, jikinsa yakan fara tsoro ba da saninsa ba: ya runtse ido, ya fizgi kunama, bakin bindigar ya sunkuya kafin harsashi ya fita. Wanda ya kai idonsa kusa da madubin saiti kuma, madubin ya tsaga masa gira. Shi ya sa ake koyo a tsaye, a ɗora bindigar kan sanduna, a manna kotar sosai a kafaɗa, a ɗan karkata gaba, a yi harbi kaɗan a huta. Harsashi ɗaya ma yana iya cin dala 10, don haka da yawa suna saye ba sa atisaye. Waɗannan su ne ke raunata dabba su bar masu bin sawu da haɗarin.

Walter Bell, ɗan Sikotilan da ake wa laƙabi da Karamojo, ya kashe giwaye 1,011 a farkon ƙarni na 20, akasarinsu da ƙaramar bindiga mai awon milimita 7. Tsaga kawunan giwaye ya yi da zarto har ya san inda ƙwaƙwalwa take ta kowace fuska. Ilmi irin na masu sango ne: sanin dabba, sanin iska, da jarumtar matsawa kusa. Sai dai adadin nan nasa abin baƙin ciki ne. Mutum ɗaya ke nan, kuma ba shi kaɗai ba ne a dajin.

Ɗan Zariyan da ya yi sha'awar irin wannan bindiga zai fara cin karo da Dokar Makamai ta 1959. Ta kasa bindigogi uku. Na yaƙi, har da masu awon milimita 7.62 da .303, sai da izinin shugaban ƙasa. Na farauta, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Adaka da danginta kuma kwamishinan 'yan sandan jiha ke ba da izininsu. A 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da ba da sababbin lasisi saboda yawaitar makamai a hannun jama'a. Duk wanda ya san abin da ƙauyukan Giwa da Birnin Gwari suka gani a hannun 'yan bindiga ba zai yi mamakin matakin ba.

Ko da lasisin ya samu, ba abin da zai harba. Dokar kare namun daji masu ƙarewa ta 1985 ta haramta farautar zaki da damisa, kuma ba a farauta a gandayen gwamnati. Zakunan da suka rage a Najeriya ba su kai 50 ba, suna Yankari da Kainji. Yankari, wadda aka keɓe a 1956 a ƙasar Bauchi, tana riƙe da giwaye tsakanin 100 da 150, ɗaya daga cikin manyan garkunan da suka rage a ƙasar. Gandun Kamuku na jihar Kaduna, mafi kusa da Zariya, rashin tsaro ya sa shigarsa ta zama kasada har ga ma'aikatansa.

Wuri mafi kusa da ake wannan farauta da izini shi ne arewacin Kamaru. Baƙi daga Turai da Amurka suna sauka Garwa da rani, su shiga yankunan da aka yi haya a kewayen gandayen Binuwai, Faro da Buba Njida, su biya kuɗi mai yawa kan ɓauna ko gwanki ɗaya. Ana ta muhawara a kan haka a Afirka. Kenya ta hana farautar baki ɗaya a 1977; Botsuwana ta hana a 2014, ta dawo da ita a 2019 bayan koke-koken manoman da giwaye ke cinye wa gonaki. Amma a Buba Njidan nan ne a 2012 wasu mahaya dawakai da suka ƙetaro iyaka suka kashe ɗaruruwan giwaye cikin 'yan makonni, da bindigogin yaƙi, ba da mai baki biyu ba.

A Yankari an gwada abin da ya yi aiki. Gwamnatin Bauchi da ƙungiyar kare namun daji ta WCS sun ƙarfafa sintirin masu gadin daji, an ɗaura wa wasu giwaye na'urar da ke nuna inda garke yake, an kuma ɗauki mutanen ƙauyukan gefen gandun suna buga waya da zarar giwaye sun doshi gonaki. Shekaru da dama bayan 2015 ba a sami rahoton kashe giwa don haure a can ba. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta niƙe kimanin tan 2.5 na hauren da aka kama, a Abuja. Aikin sintiri yana buƙatar mai gane sawu a busasshiyar ƙasa, mai iya kwana a daji, mai sanin inda dabba ke shan ruwa a watan Maris. Ƙungiyoyin maharba a ƙarƙashin Sarkin Baka suna da irin waɗannan mutane a masarautu da dama, kuma ranar da tsaro ya dawo Kamuku su ya kamata hukumar gandun daji ta fara nema, da albashi da horo da takardar aiki.